Ƙannena, Ku Hau Keke Ku Ga Ƙasarku

Ƙannena matasa, musamman ku da kuka tashi a manyan birane irin su Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi da Damagaram, ina da shawarar da nake so ku saurara da kunnen basira, ko da a farkon ji za ta yi muku kama da ƙaramin abu. Ku nemi keke, naku ne ko na aro, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku ware safiya guda a ƙarshen mako, ku bar kwalta da hayaƙin gari ku shiga karkara, ku dawo gida kafin rana ta take. Ba aike za ku je ba, ba kuma tsere za ku yi ba. Za ku je ne ku ga ƙasar da take ciyar da ku da mutanen da suke noma ta. Da yawanku a birni aka haife ku. Iyaye ko kakanni ne suka baro ƙauye, kuma abin da ya rage tsakaninku da can bai wuce buhun hatsin da ake aikowa da kaka ba, sai ziyarar Sallah ta yini ɗaya a cikin mota, a gaisa a tsaitsaye a juyo. Saurayi ya kai shekara ashirin yana cin tuwon dawa yana shan fura, amma in aka kai shi gona a watan Yuli aka ce ya nuna wanne ne gero wanne ne dawa, sai ya yi shiru. Wannan giɓi ne a tarbiyya. Ba ku kuka haƙa shi ba, amma cike shi ya rataya a wuyanku, kuma ban san wata hanya mai sauƙi da arha ta cike shi da ta kai keke ba.

Wani zai ce me ya sa sai keke, ga ƙafa, ga babur, ga mota. Amsar tana cikin lissafin gudu. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 5 a awa ɗaya. In ya ware awa huɗu, zuwa da dawowa, iyakarsa kilomita 10 daga ƙofar gidansu, kuma wanda ya san yadda Kano ta buɗe a shekarun nan ya san mai fitowa daga tsakiyar gari zai iya cinye wannan nisan duka bai rabu da gine-gine ba. Mai mota yana da nisa amma ba shi da gani. Kwalta yake bi, kwalta kuma ta mayar da duk garin da ta ratsa iri ɗaya: gidan mai, tasha, teburin mai shayi, masu tallan rake. Abin da ke bayan wannan layin shaguna, wato garin kansa da gonakinsa da rijiyoyinsa, ba ya ganinsa. Babur yana shiga lungu, gaskiya ne, amma ƙararsa tana riga shi isa, ta kori tsuntsu ta firgita akuya, kuma mai babur ba ya jin amsar sallamar da ya yi. Keke a hannun wanda ba gwani ba yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa, kusan ninki uku na tafiyar ƙafa. In nisan da za ka iya kaiwa ta kowace kusurwa ya ninka uku, faɗin ƙasar da ta shigo hannunka ya ninka tara. Duk da haka gudun bai kai ya hana ka ganin fuskar mutum ba. Za ka ce wa manomi sannu da aiki, ya ɗago daga kan fartanya ya amsa, ka ji amsar. In magana ta yi daɗi ka sa ƙafa ƙasa ka tsaya, babu neman wurin ajiye mota, babu tunanin mai. Sannan keke yana koya wa jiki abin da ido ba ya lura da shi. Hanyar da mai mota zai rantse shimfiɗaɗɗiya ce, cinyarka za ta gaya maka hawa ce. Za ka san jigawa da yadda yashi ke riƙe taya har sai ka sauka ka tura, ka san ka gangaro fadama da sanyin da ya bugi fuskarka tun ba ka hango lambu ba.

To me za a gani a can wanda ya isa a yi masa sammako? Ku ɗauki karkarar Kano. Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya soma nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin tun shekarun 1960. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda jama'a masu ɗimbin yawa suke noma gona ɗaya kowace damina ba a bar ta ta huta ba, amma ƙasar ba ta mutu ba. Da ya bi diddigi sai ya tarar da tsari mai zurfi. Jakuna su shigo birni da itace da hatsi, su koma da mangalar taki da toka. A ɗaure dabbobi a turke da damina, a tara kashinsu a mayar gona. A haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, a bar itatuwa masu amfani tsaye a tsakiyar shuka. An rubuta littattafai a kan wannan hikima ta manomanmu, ga ta kuma shimfiɗe a fili, tafiyar awa ɗaya ko biyu a keke daga ganuwa, ta wajen Gezawa ko Minjibir ko Dawakin Kudu. Ku dubi gawo kaɗai. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake kakkaɓe nasa ya tsaya kamar busasshe, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zame wa ƙasa taki. Da rani, sa'ad da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci. Wanda ya tsaya da kekensa a gindin gawo a watan Agusta ya ga yadda dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta gefe tsawo da duhun ganye ya koyi darasin da ba zai manta ba, ko da a aji ya taɓa jinsa ya wuce shi.

Kuma hanya ɗaya ba ta zama iri ɗaya sau biyu. Burtalin da ka bi da bazara, fili fetal ana sassabe ana watsa taki, in ka koma a tsakiyar damina za ka same shi tsakanin katangu biyu na kara, ba ka hango gaba sai ka yi ta buga ƙararrawa a kwana. Da kaka ga dammunan gero a jingine, ga mata suna roron wake, ga amalanken shanu. Da hunturu sai a nufi kudu wajen Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake bin magudanan da aka gina ya shayar da alkama da tumatir da albasa, mutum ya ga da idonsa inda kwandunan da ke cika kasuwar 'Yan Kaba suke fitowa. Ɗan Zariya yana da Dutsen Kufena a gefensa. Ɗan Damagaram yana da Mirya da lambunanta, kimanin kilomita 18 gabas da birni, kuma a hanyoyin karkarar Damagaram da Maraɗi zai ga abin da duniya take yabon manoman Nijar a kansa, wato sassabin zamani. Tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwa a gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi su tashi, maimakon su sare su ƙone. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Baƙi suna hawa jirgi su zo kallon wannan aiki, bai kamata ɗan gida ya zama shi ne bai taɓa gani ba.

Amfanin wannan sani ya wuce nishaɗi, kuma nan ne zuciyar maganata. Cikinku ne za a samu likitoci da malaman makaranta da kansiloli da ma'aikatan gona da 'yan kasuwa na gobe, kuma yawancin mutanen da za ku yi wa aiki ko ku yanke hukunci a kan rayuwarsu mazauna karkara ne. Jami'in da bai taɓa ɗaukar keke a kafaɗa ya tsallake kwalbatin da ruwa ya cinye ba, da wuya ya gane abin da ya sa mai naƙuda take isowa asibiti a makare. Zai ɗauka sakaci ne. Wanda bai taɓa ganin layin jarkoki a bakin famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tilo na ƙauye ba, zai yi ta mamakin yaran da ba sa zuwa makaranta da wuri. Wanda bai ga yadda gonaki suka cinye burtali har shanu suka rasa hanyar zuwa mashaya ba, zai ɗauki rikicin manoma da makiyaya a matsayin ƙiyayya tsagwaronta, alhali akwai abin da ido zai iya gani a ƙasa. Gani ya kori ji. Raini da ake yi wa mutumin ƙauye a birni, har kalmar baƙauye ta zama zagi, rashin sani ne ke ciyar da shi, kuma yana da wuya ka ci gaba da raina mutumin da ya taso daga aikinsa ya ɗebo maka ruwa a randa ranar da ƙishirwa ta kama ka a ƙofar gidansa. Ga zumunci kuma. Da yawanku kuna da goggo ko kawu a ƙauyen da bai fi kilomita 20 ba, waɗanda ba ku gani sai a biki ko ta'aziyya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma feda ma ƙafa ce ke taka ta.

Lafiyar jiki riba ce da za ku tsinta a hanya, ba kuma ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa awa ɗaya a kullum. Alƙalumanta sun nuna cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun abin da ake buƙata. Ku dubi rayuwarku da kanku: daga gida a hau a-daidaita-sahu, a zauna a aji ko a shago, a dawo a zauna a majalisa kai a sunkuye kan waya har dare. Hawan jini da ciwon sukari da muke gani a gidajenmu ba rana ɗaya suke sauka ba, tun ƙuruciya ake share musu hanya. Keke yana sa zuciya da huhu aiki ba tare da ya daki gwiwa kamar gudu ba, don sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, shi ya sa mai ƙiba ma zai iya farawa da shi. Wani zai ce ai motsin sau ɗaya a mako ba ya maganin komai. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi mutum sama da 63,000 a Ingila da Sukotlan, ya gano cewa waɗanda suke haɗe motsa jikinsu na mako a fita ɗaya ko biyu haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya yi ƙasa da na marasa motsi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Yin kullum ya fi, babu musu, amma safiyar Asabar guda ta awa uku ta riga ta cika ma'aunin mako na baligi.

Na san abin da ya fi tsaya muku a rai, kuma gara mu faɗe shi ƙarara: kunya. A garuruwanmu an mayar da keke alamar wanda bai samu ba. Saurayi ya gwammace ya ci bashin kuɗin mai da budurwa ta gan shi yana taka feda. Wannan kallo sabo ne, bai kai shekarun kakanninku ba. A zamaninsu malamin makaranta da akawu da malamin asibiti da keken Rali suke taƙama, a goge shi kullum, a yi masa ado, a kai shi zaure a jingine inda kowa zai gani, har kamfanin Raleigh mai ƙera shi ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano saboda yawan masu saye. Arzikin fetur da babura masu arha ne suka sauya ma'auni, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 mutane da yawa masu mutunci sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. A Holan, ƙasar da ba wanda zai kira ta matalauciya, kekuna sun fi mutane yawa, kuma Mark Rutte ya sha zuwa ofis a keke yana firaminista. Ban kawo wannan don mu nemi izinin Turawa kafin mu daraja abin da ke hannunmu ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin keke da talauci. Mutane ne suka ƙulla ta, mutane kuma za su kwance ta. Wanda zai fasa abin da zai amfani jikinsa da hankalinsa don gudun dariyar 'yan majalisa ya miƙa musu linzamin rayuwarsa. Kuma abin da mutum ɗaya yake jin nauyinsa, in kun fito ku biyar a jere, cikin shiri da natsuwa, sai ya zama abin sha'awa, har masu dariyar su soma tambayar yaushe za a sake fita.

Akwai suka mafi nauyi daga wannan, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Mutumin ƙauye yana hawa keke ne dole, da buhu biyu a kariya ko jarkoki huɗu a rataye, gumi yana zuba. Ashe ba cin fuska ba ne ɗan birni ƙosasshe ya zo yana yin wasa da abin da wani yake wahala da shi? Kuma ashe wannan ba al'adar masu kuɗin Turai ba ce? Ta fuskar tarihi, gaskiya ne a can aka soma. Keke mai ƙafa biyu daidai da sarƙa, irin wanda muka sani, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Koventri a 1885, Dunlop kuma ya kawo tayar iska a 1888. Ƙungiyar masu yawon keke ta farko a Ingila, wadda aka kafa a 1878, ta masu hali ce. Amma da keke ya soma sauka zuwa hannun talaka, sai ma'aikata suka kafa tasu, ƙungiyar Clarion, a Birmingham a 1894, suna fita ranar Lahadi daga unguwannin masana'antu masu hayaƙi zuwa ƙauyukan da iyayensu suka baro. Halin da suke ciki ya fi kama da naku fiye da na attajirai. Mu ma yawon buɗe ido ba baƙonmu ba ne; mu ne masu cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma addini ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don lura da ɗaukar darasi. Batun cin fuska kuwa, ba hawan keken ne ke jawo shi ba, halin mahayin ne. Wanda ya shiga ƙauye da kiɗa a lasifika, ya ratsa ta cikin shuka, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton matan mutane a bakin rijiya don ya watsa a TikTok, ya ci mutuncin gari, kuma in aka kore shi an yi daidai. Ku sauka daga keke in kun zo wucewa ta gaban dattawa, ku yi sallama, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. In za ku daɗe, ku nemi mai unguwa ku gaishe shi. Ku sa suturar da za ku iya shiga masallaci da ita. Kada ku tsinki mangwaro ko rake sai an ba ku. Ku sayi fura da nono da gyaɗa da ƙosai a can, a farashin da aka faɗa, kada ku yi ta ja-in-ja a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba. Baƙon da ya zo da wannan ladabi ba wanda zai ɗauke shi mai izgili.

Haɗarin hanya gaskiya ne, ba zan rage masa nauyi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗuran hanya suna kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mai keke ba shi da ƙarfen da zai kare shi, titunanmu kuma ba a ware masa gefe ba. Amma ku lura, wannan hujja ce a kan babban titi, kuma shawarata ita ce ku bar babban titi. Mafi haɗarin tafiyar shi ne 'yan kilomitocin fita daga gari, don haka a yi su da sassafe bayan sallar asuba, gari ya waye amma motoci ba su yi yawa ba, a bi ta unguwanni in da hali, a kauce wa hanyoyin tirela irin na Zariya da Wudil da zarar an samu hanyar ƙasa. A yi tafiya ɗaya bayan ɗaya a hannun dama, kada a jeru a tare titi, kada a bi hannun da ba naka ba don neman gajeriyar hanya. A duba birki kafin a fita, a sa hular kwano, a sa riga mai haske, a cire abin sauraron kiɗa daga kunne, don kunne shi ne madubin mai keke. Kada magariba ta same ku a hanya.

Maganar tsaro kuwa ba ta da kwana-kwana. Akwai yankunan da bai halatta a ba kowa shawarar ya shiga karkararsu don yawo ba a halin yanzu: sassa da yawa na Zamfara, yammaci da kudancin Katsina, gabashin Sakkwato, dajin Birnin Gwari, da wasu ƙauyukan bakin iyaka a jihar Maraɗi. Wanda yake zaune a irin waɗannan wurare ya haƙura, ya yi zagayensa a cikin gari ko filin makaranta har Allah Ya kawo sauƙi. Rai ya fi yawo. Ko a inda ake zaman lafiya, hali yana sauyawa, don haka kada ku dogara da labarin bara. Da ɗan gari akan ci gari: ku tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, da masu kawo kayan gwari kasuwa, da danginku na can. Ku fara da ƙauyen da kuke da wanda ya san ku. Ku gaya wa iyaye inda za ku da lokacin dawowa, in suka ce a'a, a'a ɗin ce. Ku tsaya inda gonaki da gidaje suke, kada ku kutsa daji, kada kuma ku sanar a intanet hanyar da za ku bi kafin ku bi ta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce tunda wasu wurare sun lalace, to duk karkara ta haramta. In 'yan birni suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, an bar mutanen ƙauye su kaɗai da damuwarsu, an kuma ƙara nisan da muke kuka da shi.

Sauran abubuwan shiri ne, kuma koyonsu wani ɓangare ne na amfanin tafiyar. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka a lokacin a gajarta hanya a dawo kafin ƙarfe goma. Mafi daɗin watanni su ne na kaka da hunturu, sai dai ranar da ƙura ta yi yawa mai asma ya zauna gida. Kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla lita biyu, ya riƙa kurɓa tun bai ji ƙishi ba, ya sa dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Babban abokin gabar mai keke a hanyar ƙasa shi ne tsidau, ƙayar nan mai kaifi da ke kwance a gefen hanya, don haka a cikinku a samu mai famfo da kayan faci, kuma kowa ya iya aikin. Ba wuya gare shi: a zare tub, a hura masa iska, a tsoma a ruwa ko a kara shi kusa da kunci har a ji inda iska ke fita, a kankare wurin, a shafa sholisho, a jira ya sha iska ya daina danshi, sannan a manna facin a danne. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da yatsa a hankali a ciro ƙayar, in ba haka ba za ta sake hudawa kafin a yi nisa. Mai gyaran keke na unguwarku zai koya muku wannan a zama ɗaya. Ba kwa buƙatar keke mai giya ashirin. Tsohon Finis mai lafiyayyen birki ya isa, kuma wanda ba shi da ko ɗaya ya tambaya a dangi, da wuya a rasa wanda ke jingine a wani ɗaki. Masu Islamiyyar Asabar da Lahadi su duba safiyar da suke hutu, kada yawo ya ci karatu ko sallah.

Ƙannena mata, ban manta da ku ba. Na san a garuruwa da yawa ba a saba ganin budurwa a keke ba, kuma ba zan ce ku saɓa wa iyayenku ba. Amma ina roƙon iyaye su sake duba lamarin da idon adalci, don jikin 'ya mace ma yana buƙatar motsi, kuma ana iya hawa keke cikin cikakkiyar sutura, da wando a ƙarƙashin doguwar riga, a tattare gefen hijabi kada sarƙa ta kama. A Burkina Faso mata a keke suke zuwa kasuwa da gona ba wanda yake waiwaye. A jihar Bihar ta Indiya, da gwamnati ta soma ba 'yan mata kuɗin sayen keke a 2006, masu bincike sun samu shigarsu makarantar sakandare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ana iya farawa a harabar makaranta, ko a fita tare da uba da yayye zuwa gonar gida.

Hukumomi ma suna da nasu. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 yake da al'adar rufe manyan tituna ga motoci ranar Lahadi a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa, Kigali ta soma irin wannan a 2016, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2018 ta ware 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Kuna da 'yancin ku nemi irin haka daga shugabanninku, kuma za a fi sauraronku in an ga kuna da yawa. Amma kada ku jira sai an yi. A wannan makon ku kai keken wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da taya, ku nemi izinin iyaye, ku kira ɗan'uwanku na ƙauye mafi kusa ku tambaye shi lafiyar hanya, ku ce masa ya saurare ku ranar Asabar da hantsi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.